Daga Bakin Daga Zuwa Gadon Asibiti: Jinyar Sojojinmu A Yaƙin 1914-1918



Idan ana labarin yaƙi, akan tsaya ne a bakin daga, a faɗi wanda ya ci da wanda aka ci, a ƙidaya gawawwaki, sannan a rufe littafi. Sojan da ƙarfe ya same shi amma kwanansa bai ƙare ba, ba a cika bin sawunsa ba, alhali kuwa a ranar da aka ɗauke shi daga fili a ranar ce wani yaƙin ya fara masa, wanda yakan fi na farko tsawo. A wannan fitowa mun ga ya dace mu bi irin wannan soja zuwa gadon asibiti, mu ga abin da yake ci, da wanda yake magana da shi, da yadda yake salla, da yadda yake komawa gida. Mun zaɓi yaƙin duniya na farko domin shi ne ya fara kwashe samarin wannan ƙasa da yawa zuwa Turai, kuma mun zaɓi wannan lokaci domin maganar sojan da ya ji rauni ta sake zama maganar gida a Paraku da Jugu.

Yadda aka kwashe su

Tsakanin 1914 da 1918 Faransa ta ɗebi mutane kimanin 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da take mulka, aka kai wajen 135,000 fagen yaƙi a Turai, kuma kimanin 30,000 ba su dawo ba. Duka ana kiransu da suna ɗaya, tirailleurs sénégalais, ko da mutum bai taɓa ganin Senegal ba. A cikinsu akwai Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, akwai kuma mutanen Dahome, kudu da arewa.

Mafi yawansu ba da son ransu suka tafi ba. Kumandan yakan yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, sarki ya yanka wa masu unguwanni, abin ya faɗa kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Wasu suka tsere zuwa ƙasar Ingilishi, wasu suka ɗauki makami. A nan Borgu, Bio Gera ya ja da Faransawa a kan haraji da aikin tilas da ɗibar soja, har aka kashe shi a watan Disamba na 1916 a kusa da Bembereke. A duwatsun Atakora kuma Kaba ya yi tasa turjiyar daga 1916 zuwa 1917. Duk da haka ɗibar ba ta tsaya ba, domin a 1918 kaɗai, ƙarƙashin jagorancin Blaise Diagne, an tara mutum 63,000 a Afirka ta Yamma.

A wancan zamani dogo bai iso Paraku ba, a Sabe ya tsaya. Saurayin da aka kama a arewa da ƙafa yake gangarawa har can, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano, daga nan jirgin ruwa ya wuce da shi Dakar, sannan Marseille ko Bordeaux. Wanda bai taɓa ganin teku ba, cikin 'yan watanni sai ga shi a ramin yaƙi, cikin taɓo, da jar dara a kansa.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1914

Kusan dukan waɗannan bayin Allah ba su bar rubutu ba. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka bari shi ne Bakari Diallo, Bafillace makiyayi, wanda aka haifa a 1892 a Mbala, ƙasar Podor, a bakin kogin Senegal. Ya shiga soja a 1911, ya yi yaƙi a Maroko, aka wuce da shi Faransa da ɓarkewar yaƙi. A ranar 3 ga Nuwamba, 1914, a yankin Marne da ke gabas da Paris, aka farfasa masa muƙamuƙi. Daga wannan rana ya shiga hannun likitoci, aka yi ta yawo da shi daga asibiti zuwa asibiti, Epernay da Neuilly da Paris, har aka yi masa tiyata sau 13. Ko da yake ba ɗan Dahome ba ne, hanyar da ya bi ita ce duk wani majinyaci daga cikin sojojin baƙar fata ya bi, don haka za mu riƙe shi ya zama ɗan jagoranmu.

Hanyar tana da zango-zango, kamar ta fatake. Masu ɗaukar majinyata sukan jira dare ya yi kafin su iya fita neman waɗanda suka faɗi. Su kai mutum wani ɗan rami a bayan daga inda za a ɗaure masa ciwo, a rubuta sunansa da irin rauninsa a 'yar takarda, a maƙala masa a maɓallin riga. Daga nan keken doki ko mota ta kai shi asibitin tantuna, daga can kuma jirgin ƙasa ya yi nisa da shi.

A 1914 wannan tafiya ta kashe mutane da yawa. Manyan likitocin soja sun shiga yaƙin da zaton harsashin bindiga za su yi ta gani, wanda yakan huda ya wuce, ya bar ciwo mai tsabta, don haka umurnin shi ne a ɗaure a tura baya. Ashe igwa ce za ta yi aikin. Kimanin kashi 70 cikin 100 na raunuka ɓarɓashin harsashin igwa ne ya jawo su, shi kuwa yakan yaga nama ya tura ƙasa da tsumman riga ciki. Ƙasar arewacin Faransa gona ce da ta sha taki shekara da shekaru, cike take da ƙwayoyin cuta. Kafin jirgi ya kai inda za shi, bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci a cikin taragon da aka ɗauki dawaki, nama ya fara ruɓewa, ko kuma ciwon sarƙewar haƙora, wato tetanus, ya kama mutum. Sai da aka yi asara mai yawa sannan aka gane cewa dole a matso da likitocin tiyata kusa da daga, a wanke ciwo a yanke mataccen nama tun da wuri, a kuma yi wa kowane mai rauni allurar tetanus.

Tiyata goma sha uku

Lokacin da aka ji wa Bakari Diallo rauni, sojan Faransa ba shi da hular ƙarfe, sai a 1915 aka fara raba ta. Ita ma kwanyar kai take karewa, fuska a fili take. Faransa ta fita daga yaƙin da mutum 10,000 zuwa 15,000 waɗanda fuskarsu ta lalace ƙwarai, aka laƙaba musu suna gueules cassées, wato masu fasasshiyar fuska.

Mai karatu ya tsaya ya auna abin da muƙamuƙi yake yi wa ɗan Adam a yini guda. Da shi ake tauna, da shi ake magana, da shi ake riƙe yawu, da shi ake karatun salla. Wanda nasa ya farfashe ba ya iya ko ɗaya. Da wata 'yar buta mai dogon baki ake ɗura masa madara da ɗanyen ƙwai da romo, ko kuma a zura masa bututun roba. Ana rataya masa ƙyalle a haɓa saboda dalala. Yunwa tana cinsa ga abinci a gabansa, ƙishi yana damunsa ga ruwa a hannunsa.

Gyaran irin wannan fuska ba aikin rana ɗaya ba ne, shi ya sa tiyata take yawa. Da farko a tsabtace ciwon a cire tarkacen ƙashi. Sannan likitan haƙori ya ɗaure abin da ya rage da waya. Idan ƙashi ya yi giɓi, sai a yanko guringuntsi daga haƙarƙarin mutum, ko ɓallin ƙashi daga ƙwaurinsa, a cike. Idan fata ta gaza, a jawo daga wuya ko daga fatar kai. Tsakanin kowace tiyata da ta gaba sai an jira makonni ko watanni, a ga ko dashen ya kama. Sau da yawa bakin yakan ƙage ya ƙi buɗuwa, sai a riƙa tura masa wani ɗan katako mai zare kamar na kusa tsakanin haƙora ana murɗawa kaɗan-kaɗan, ko a rataya masa jaka mai nauyi a haɓa. Shahararren likitan wannan aiki a asibitin soja na Val-de-Grâce da ke Paris shi ne Hippolyte Morestin, haifaffen tsibirin Martinique, wanda ya rasu a 1919.

Duk wannan an yi shi ne da kulorofom da ita a matsayin maganin sa barci, kuma babu ko ƙwaya ɗaya ta maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda muke saye yau. Ba a gano fenisilin ba sai 1928, bai kuma shiga hannun likitocin soja ba sai a yaƙin duniya na biyu.

Yini guda a ɗakin majinyata

Rayuwar asibitin yaƙi agogo ne yake jan ta. Da asuba ma'aikaciyar jinya ta zagaya da ma'aunin zafin jiki, ta rubuta a allon da ke gindin gado, domin hawa da saukar zazzaɓi shi ne babban manunin ko ciwo yana warkewa ko yana ruɓa. A kawo kofi da burodi. Da hantsi babban likita ya shigo da mataimakansa, wanda ya iya tsayuwa ya tsaya a gindin gadonsa kamar a fareti. Daga nan sai sa'ar da kowa yake tsoro, sa'ar wankin ciwo, lokacin da ake ɓamɓare audugar da ta manne da nama.

A 1915 likita Alexis Carrel da masanin haɗa magunguna Henry Dakin suka fito da wata dabara a wani asibiti a Compiègne. Ana shimfiɗa siraran bututun roba masu huji a cikin ciwo, a rataya kwalba a saman gado, bayan kowace awa biyu, dare da rana, a saki ruwan magani ya wanke ciki. Wannan ya ceci ƙafafu da hannaye masu yawa daga yankewa. Ruwan nan shi ne Dakin mai launin hoda da har yanzu ake sayarwa a kantunan magani na garuruwanmu, wanda iyaye mata da yawa suka san shi ba su san daga yaƙi ya fito ba. A wannan zamani ne kuma Marie Curie ta shirya motoci kimanin 20 masu ɗauke da na'urar hoton ƙashi, domin likita ya ga inda ƙarfe ya maƙale kafin ya sa wuƙa.

Wankin ciwo bai fi rabin awa ba. Sauran yinin kuwa jira ne, kuma a nan ne wahalar sojan baƙar fata ta bambanta da ta ɗan Faransa. Ɗan Faransa matarsa tana zuwa ranar Lahadi, uwarsa tana aiko da kunshi, idan ya ji sauƙi a ba shi hutu ya je gida. Ɗan Borgu ba shi da kowa. Likita yana tambayarsa inda yake masa ciwo da harshen da bai sani ba. A cikin rundunar, Bambaranci ne ya fi yawo, sai wani gurɓataccen Faransanci da hafsoshi suke koya wa kurata, har an buga masa ɗan littafi a 1916. Mai jin Dendi ko Bargu ko Hausa kaɗai yana iya kwana da yini bai furta kalmar da wani ya gane ba. Saboda haka duk majinyacin da ya tsinci Faransanci yakan zama tafintan ɗaki, shi ne mai faɗa wa likita, shi ne mai rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa. Bakari Diallo bai shiga makarantar Nasara ba, a cikin soja da asibiti ya koyi harshen da daga baya ya rubuta littafi da shi.

Wasiƙar ma doguwar hanya gare ta. Sai ta bi ta hannun masu tace wasiƙun soja, ta hau jirgin ruwa, ta isa ofishin kumandan, a nemi wanda zai karanta wa iyaye. Kafin amsa ta dawo, wataƙila an canza wa mai ita asibiti sau biyu.

Abinci shi ma jarrabawa ne. Burodi da dankalin Turawa da miyar ganye ba su zauna wa mutumin tuwo ba, ga kuma giya da naman alade a cikin rabon soja. Sannu a hankali hukuma ta gane cewa majinyacin da ba ya ci ba ya warkewa, aka riƙa dafa musu shinkafa, aka kuma riƙa kawo goro daga Afirka ana raba musu. Mutanen Jugu ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Garin da fatake suke kira Zugu zango ne a kan hanyar goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa tun kafin zuwan Nasara. Ɓarin goro guda a tafin hannun mutumin da ya yi shekara biyu bai ga gida ba ya wuce abin taunawa, gaisuwa ce daga ƙasarsa.

Akwai kuma Faransawa, galibi mata, da suka yi abin kirki don kansu. Daga 1915 aka sami waɗanda ake kira iyayen ɗakin yaƙi, masu ɗaukar sojan da ba shi da kowa su riƙa rubuta masa wasiƙa suna aika masa da 'yan kaya. A Fréjus wata mai zane, Lucie Cousturier, ta buɗe ƙofar gidanta tana koya wa sojojin baƙar fata karatu da rubutu, ta kuma buga littafi a kansu a 1920.

Sanyi, abokin gāba na biyu

Gadajen asibiti ba masu raunin ƙarfe kaɗai suka cika su ba. Hunturun Turai ya kwantar da sojojin Afirka fiye da yadda hafsoshi suka zata. Ƙafa takan daskare a cikin takalmi har yatsu su yi baƙi a yanke su. Ciwon haƙarƙari da tarin fuka suka yi ta ɗauka, domin da yawa daga cikinsu sun fito ne daga ƙauyukan da jikinsu bai taɓa haɗuwa da waɗannan cututtuka ba. Wannan ya sa aka riƙa janye su daga daga idan sanyi ya shigo, a kai su sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël a bakin Bahar Rum, sai bazara a mayar da su.

Ba kullum aka kiyaye wannan ba. A ranar 16 ga Afrilu, 1917, aka tura kimanin 15,000 daga cikinsu su hau tudun Chemin des Dames cikin ruwa da ƙanƙara, hannayensu sun sandare har wasu ba sa iya sarrafa bindiga. Cikin 'yan kwanaki wajen 7,000 aka kashe, ko aka jikkata, ko suka ɓace. A sansanin Courneau kuma, kudu da Bordeaux, wanda aka gina a wuri mai dausayi, mutum 940 suka mutu tsakanin 1916 da 1917, yawancinsu da ciwon haƙarƙari, ba tare da an harba musu ko harsashi ɗaya ba.

Hukumar soja ba ta so cuɗanyar baƙaƙen sojoji da matan Faransa masu jinya ba, tana tsoron kada su koma gida sun raina Bature. Saboda wannan, da kuma neman ɗumi, aka ware musu asibitocinsu a kudu. A Menton, garin shaƙatawa a kan iyakar Italiya, manyan otal-otal na masu kuɗi suka koma ɗakunan jinya. Baƙon da ya shiga maƙabartar Trabuquet a saman garin zai tarar da abin tunawa da aka kafa a 2012 domin sojojin ƙasashen mallaka 1,137 da suka rasu a can.

Salla, azumi da likkafani

Musulmin da yake kwance a ƙasar da ba a kiran salla yana da damuwar da likita ba ya gani a ma'auninsa. Ina gabas take? Yaya zai yi alwala da hannu a ɗaure? Addini ya sauƙaƙa, ya yarda da taimama, ya yarda da salla a zaune ko a kwance, ya ɗauke wa majinyaci azumi har ya warke, amma sai an sami mai sani a kusa da zai kwantar masa da hankali. A shekarun yaƙin kuwa watan Ramadan ya faɗo ne a tsakiyar bazarar Turai, tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da yini yakan kai awa 16.

Babban tsoro shi ne mutuwa ba wanka ba salla. A ƙarshen 1914 ma'aikatar yaƙi ta Faransa ta fitar da umurni a kan yadda za a binne Musulmi, a sa shi a likkafani, a fuskantar da shi alƙibla, a kafa masa alama mai jinjirin wata a maimakon gicciye. A Nogent-sur-Marne, gefen Paris, an mai da wani lambun gwajin itatuwan ƙasashe masu zafi asibiti, wanda ya karɓi sojojin ƙasashen mallaka sama da 4,800 daga 1914 zuwa 1919. A harabarsa aka gina ɗan masallacin katako, aka buɗe shi a watan Afrilu na 1916, aka ajiye limamai masu jan salla da yi wa mamata sutura. Gaskiya ita ce siyasa tana ciki, domin Jamusawa sun riga sun gina wa fursunonin yaƙi Musulmi masallaci a Wünsdorf a 1915 don su janye zukatansu, Faransa kuma ba ta so a bar ta a baya. Amma majinyacin da ya dogara sanda ya isa sahu ranar Juma'a, ya ji an ce amin da harshen da ya sani tun yana yaro, ya sami abin da ya zo nema. An rushe wannan masallaci bayan yaƙin.

Bayan sallama

Ranar da ciwo ya rufe, sai a kai mutum gaban kwamitin likitoci su auna abin da ya rasa, su rubuta masa kashi kaza cikin ɗari, a kan wannan ake yanka fansho. Tun daga nan bambanci ya fito, domin abin da ake ba sojan ƙasar mallaka bai kai na ɗan Faransa mai irin rauninsa ba, sai ka ce ƙafar wani ta fi ta wani tsada.

Bakari Diallo ya sami takardar zama ɗan ƙasar Faransa a 1920, ya yi ƙananan ayyuka, har da tsaron ƙofar otal a Monte Carlo. A 1926 aka buga littafinsa mai suna Force-Bonté, wanda yake cikin na farko-farko da wani baƙar fata na Afirka ta Yamma ya ba da labarin rayuwarsa da Faransanci. Masu nazari da yawa sun zarge shi da yawan yabon Faransa. Wanda ya san jinya zai fahimci wani ɓangare na dalilin, domin mutumin da ya yi watanni ana ɗura masa abinci ba ya mance hannun da ya ɗura masa. Ya koma Senegal a 1928, ya riƙe sarautar yanki a ƙasar Podor, ya rayu har ya tsufa.

Wani ɗan ƙasarsu, Lamine Senghor, ya fita da wani darasin dabam. Hayaƙi mai guba ya lalata masa huhu a 1917. Ya zama ɗaya daga cikin masu faɗa da mulkin mallaka a Paris, yana yawan kafa hujja da bambancin fansho, har tarin fuka ya kashe shi a Fréjus a 1927, bai kai shekara arba'in ba.

Maganar fanshon ta daɗe ba ta mutu ba. A ƙarshen 1959, ana gab da samun 'yancin kai, Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da take mulka, ya tsaya cik yayin da na Faransawa yake hawa. Sai a 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya riga ya rasu kafin hukuncin. An daidaita fanshon nakasa a 2007, sauran kuma a 2011. Na ƙarshe da aka sani daga cikin tirailleurs sénégalais na yaƙin farko, Abdoulaye Ndiaye, wanda shi ma ya ji rauni a yaƙin, ya rasu a ƙauyensu a Senegal ranar 10 ga Nuwamba, 1998, ana gobe za a maƙala masa lambar girma.

Abin da ya rage a wuyanmu

Shekaru fiye da ɗari sun wuce, amma gadon bai zama fanko ba. Tun daga harin Porga a ƙarshen 2021, sojojin Benin suke fuskantar 'yan bindiga a Atakora da Alibori. A harin 17 ga Afrilu, 2025 kaɗai, a yankin gandun dajin W, gwamnati ta sanar da rasuwar soja 54. A bayan kowane adadi irin wannan akwai waɗanda ba a ƙidaya ba, masu karaya da masu ƙuna da waɗanda aka yanke wa gaɓa. Paraku tana da asibitin soja, tana da babban asibitin jiha, saboda haka majinyacin yau ba a hayin teku yake ba, maƙwabcinmu ne.

Likitan yau yana da abin da Morestin bai yi mafarkinsa ba. Amma abubuwan da suka ci wa kakanninmu rai a Menton da Nogent ba a sayar da maganinsu a kanti, suna hannun jama'a. Sojan da aka kawo daga kudu ba ya jin Dendi, wanda aka kawo daga ƙauye wataƙila Faransancinsa bai isa ya bayyana ciwonsa ba, mai jin harsuna biyu yana da sadakar da zai bayar. Mai ƙoshin lafiya yana iya ba da jini. Uwar gida tana iya dama kunu ko fura, bayan ta tambayi ma'aikatan jinya abin da aka yarda majinyacin ya sha. Malami yana iya zuwa ya koya masa taimama da sallar kwance. Mai ilimin boko yana iya taimaka wa iyali da takardu, domin tun ƙarshen 2022 akwai dokar ƙasa da ta tanadi kula da waɗanda suka ji rauni a bakin aiki da magadan waɗanda suka rasu, kuma haƙƙi ba ya zuwa sai an bi shi.

Dubiya ma tana da ladabi. A nemi izinin masu asibiti, a gajarta zama, kada a tambayi mutum yadda abin ya faru sai in shi ya ɗauko, kada a ɗauki hotonsa a watsa a waya, kada a zuba wa ciwo wani magani a ɓoye. Idan an sallame shi ya dawo unguwa, a san cewa akwai raunin da ba ya jini. Wanda yake firgita cikin dare, ko ƙarar babur ta sa shi ya zabura, ko ya daina son shiga mutane, ba ragwanta ba ce kuma ba abin kunya ba ne. Likitocin yaƙin farko sun ga dubban irinsa, yau kuma akwai masu duba shi. A haɗa masa addu'a da likita, a kuma tallafi matarsa, domin ita ce take kwana da abin da mu muke gani da rana.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kakanninmu sun yi jinya a inda ƙafar 'yan'uwansu ba ta iya kaiwa, na yau kuwa kuɗin zemijan ne tsakaninmu da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na gida da waɗanda suke kwance a ƙasar baƙunta, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin.